Ɗan wake

Ɗan wake (ana kuma rubuta shi ɗanwake ko ɗan-wake) abinci ne na Hausawa da ake yi da ƙullun gari. Ana gutsurar ƙullun ƙanana-ƙanana a jefa cikin tafasasshen ruwa, idan ya dahu a tsame, a ci da mai da yaji. A asali garin wake ne ginshiƙinsa, a haɗa shi da garin rogo ko na dawa, a sa kuka da ruwan kanwa. Ana cin sa a Arewacin Najeriya da Kudancin Nijar da sauran wuraren da Hausawa suka zauna, galibi da safe ko da rana. Yana cikin abincin da aka fi sayarwa a gidaje da bakin makarantu da tashoshin mota saboda arharsa da kuma yadda yake riƙe ciki.

A yau da yawa daga ɗan waken da ake ci a birane na fulawa ne zalla, babu wake a cikinsa ko kaɗan. Sunan bai canza ba, amma abin da ke cikin kwanon ya canza, kuma wannan ya shafi amfaninsa ga jiki.

## Suna

Kalmar harɗaɗɗiya ce daga *ɗa* da harafin liƙi *-n* da kuma *wake*. Irin wannan gini ya yi yawa a Hausa, kuma ba ma'ana ɗaya yake bayarwa ba. A *ɗan kasuwa* da *ɗan sanda* yana nuna mai wata sana'a, a *ɗan Kano* yana nuna asali, a *ɗan ƙauye* yana iya nuna asali ko kuma raini, a *ɗan tsako* yana nuna ƙanƙanta. A *ɗan wake* ma'anar ta fi kusa da asali, wato abin da ya fito daga wake. Kirarin da ake yi masa, "ɗan wake ka fi ubanka daɗi", a kan wannan ma'ana ya dogara, domin ya ɗauki wake a matsayin uba, abincin kuma ɗansa. Akwai wasu sunayen abinci masu irin wannan gini, kamar ɗan malele da 'yar tsala.

Ta fuskar nahawu sunan namiji ne, ana cewa "ɗan wake ya dahu". Ba ya ɗaukar jam'i. *Ɗan kunne* yana komawa *'yan kunne*, amma babu mai cewa *'yan wake* yana nufin abincin, ko da kuwa kwano ya cika maƙil. Wannan alama ce ta cewa kalmomin biyu sun riga sun narke sun zama suna ɗaya, kuma ita ce hujjar masu rubuta shi a haɗe. Masu raba shi kuma suna bin yadda aka saba rubuta sauran kalmomin da suka fara da *ɗan*. A intanet an fi ganin *dan wake* da *danwake* ba tare da lanƙwasar ɗ ba, a rubutun Faransanci na Nijar kuma akan ga *dan waké*.

Sunayen kayan haɗin ma suna ba da tarihin abincin. *Alkama* da *albasa* daga Larabci suke, *alabo* daga Yarabanci, *fulawa* da *kabeji* da *latas* daga Ingilishi. *Wake* da *kuka* da *dawa* kuwa tsofaffin kalmomin harshen ne. Kalmar *wake* ita kanta ta yi tafiya: shinkafa da waken da aka sani a Ghana da sunan *waakye* daga Hausa ta samo sunanta, haka ma *koose* da ake soyawa a can, wato ƙosai.

## Tarihi

Waken da ake nufi shi ne wanda masana tsirrai ke kira *Vigna unguiculata*. Amfanin gona ne na Afirka tun asali. An tono burbushinsa a yankin Kintampo da ke tsakiyar Ghana wanda ya haura shekara 3,500. Dawa da kuka su ma na nan ne, don haka duk abin da ake buƙata a yi ɗan wake na wake da dawa da kuka yana ƙasar Hausa tun kafin zuwan Turawa.

Rogo baƙo ne. Daga Kudancin Amurka ya fito, 'yan Portugal suka kawo shi gaɓar Afirka a ƙarni na 16, ya ɗauki lokaci mai tsawo kafin ya bazu zuwa cikin ƙasa. Alkama ta daɗe a ƙasar Hausa, ana noma ta da rani a fadamu, amma abincin masu hali ce, ta alkaki da finkaso da taliya. Farar fulawar inji ba ta zama ta kowa ba sai bayan kafa manyan masana'antu. An kafa Flour Mills of Nigeria a 1960, injinsa na Apapa a Legas ya fara aiki a 1962, sannan a shekarun 1970 aka sami Northern Nigeria Flour Mills a Kano. Mafi yawan alkamar da irin waɗannan kamfanoni ke niƙawa daga waje ake shigo da ita. Gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta hana shigo da alkama a 1987, amma ba a daɗe ba aka ɗage haramcin a farkon shekarun 1990.

Daga nan ɗan waken fulawa ya samu wurin zama. Dalilin a fili yake: fulawa ba ta buƙatar surfe, ba shanya, ba kai niƙa, ana saya a shago a kwaɓa nan take.

## Kayan haɗi

Babu ma'auni ɗaya da kowa ya yarda da shi. Wani gida mudun wake ɗaya ne ga mudun rogo ɗaya, wani gida rogon ya ninka waken, wasu su ƙara dawa ko masara ko alkama. Ana surfa wake a fitar da dusa da hancinsa, a shanya ya bushe sarai, a haɗa da busasshen rogo a kai inji, sannan a tankaɗe. Garin da ya fito shi ake kira garin ɗan wake. Yana daɗewa a ajiye in dai bai sha danshi ba.

Matsalar garin wake ita ce ba ya kama jikinsa. Idan aka kwaɓa shi shi kaɗai aka jefa a ruwan zafi, watsewa yake yi ya koma kamar kunu. Alkama tana da wani sinadarin furotin da ake kira gulutin, wanda ke sa ƙullu ya yi danƙo ya riƙe siffarsa. Wake da dawa ba su da shi. Duk dabarar ɗan wake ta tsaya ne a kan yadda aka warware wannan matsala da abubuwa uku.

Na farko kuka ce, wato garin busasshen ganyen itacen kuka, *Adansonia digitata*. Ganyen yana da yauƙi, shi ne ke sa miyar kuka ta yi santsi. A cikin ƙullu wannan yauƙin ne ke ɗaure ƙwayoyin garin da juna. Idan kuka ta yi kaɗan ɗan wake ya narke a tukunya, idan ta yi yawa ya yi baƙi, ya yi santsi fiye da ƙima, ɗanɗanonta ya danne komai. Wasu kan yi amfani da busasshiyar kuɓewa ko karkashi idan babu kuka, amma launi da ƙamshin ba sa zama ɗaya.

Na biyu rogo ne, wanda kusan duk jikinsa sitaci ne. Sitacin rogo idan ya ji zafi yana kumbura ya yi danƙo, shi ke ba ɗan wake sulɓi da taushin nan da ake so a baki. Saboda haka ɗan waken wake da dawa kaɗai ya fi gautsi da kaushi, wanda aka cika wa rogo kuma yakan yi kamar roba idan ya huce.

Na uku kanwa ce. Gishirin ƙasa ne da ya ƙunshi sodiyam kabonet da sodiyam baikabonet, ana samun sa a busassun tafkuna da kwaruruka na yankin Tafkin Chadi da ƙasar Manga a gabashin Nijar. Fatauci ne mai tsohon tarihi, wanda masanin tarihi Paul Lovejoy ya yi bayaninsa a littafinsa *Salt of the Desert Sun* na 1986. A kasuwa ana bambanta farar kanwa da jar kanwa da ungurnu. Sunan da Yarabawa ke kiran ta, *kaun*, da na Ibo, *akanwu*, sun yi kama da na Hausa, abin da ke nuna hanyar da take bi zuwa kudu. Aikinta a ɗan wake shi ne ta sa wake ya yi saurin dahuwa, ta ƙara wa kuka yauƙi, ta riƙe koren launinta, ta kuma kashe ɗan tsamin da garin rogo kan yi. Ba a jefa dunƙulen kanwa cikin gari. Jiƙa ta ake yi, a bari yashi da tsakuwa su kwanta, a tsiyaye ruwan sama. A birane wasu na sa bekin soda a madadinta.

Fulawa ba ta buƙatar duk wannan taimako, tunda tana da nata danƙon. Kukar da ake sa wa ɗan waken fulawa ta launi ce da ɗanɗano kawai, don ya yi kama da na asali.

## Yadda ake yi

Ana fara ɗora ruwa a tukunya mai faɗi, a cika ta kamar zuwa rabi, domin ɗan wake yana kumfa sosai. Kafin ruwan ya tafasa sai a zuba gari a roba, a sa kuka, a gauraya su a bushe don kada kukar ta yi gudaji. Ga gwangwanin madara huɗu na gari, kuka kamar cokalin cin abinci biyu takan isa. Sai a zuba ruwan kanwa kaɗan, a bi da ruwa a hankali ana kwaɓawa da hannu. Ƙullun da ya yi daidai ya fi na ƙosai kauri, amma bai kai na burodi ba. Idan aka ɗago shi da hannu yana biyowa, ba ya zuba. Launinsa yakan juya zuwa kore mai duhu da zarar kanwa ta haɗu da kuka. Idan ya koma rawaya ko ja-ja, kanwa ta yi yawa.

Ba a barin ƙullun ya daɗe a ajiye, saboda yana saki. Da ruwa ya tafasa sai a fara saki, wato a ɗibi ƙullu a tafin hannu, a riƙa gutsurowa da yatsu ana jefawa. Masu gwaninta suna yin wannan da sauri ƙwarai, kuma ƙwayoyin su fito kusan girma ɗaya. Ana ajiye kwanon ruwa a gefe don tsoma hannu kada ƙullu ya manne. Wasu na amfani da cokali. Manyan ƙwayoyi kan dahu a waje su bar gari a tsakiya, shi ya sa ake son ƙanana.

Da farko ɗan waken nutsewa yake yi, bayan ɗan lokaci ya taso sama. Tasowar ba ita ce dahuwa ba, kuma a nan masu koyo suka fi kuskure. Sai an bar shi ya ci gaba da tafasa kamar minti 10 zuwa 15, gwargwadon girmansa da yawan waken da ke ciki. Na fulawa ya fi saurin nuna. Idan kumfa ta taso za ta zube, a yayyafa ruwan sanyi ko a rage wuta, kuma ba a rufe tukunyar ruf. Ana gane ya dahu idan aka fasa ƙwaya ɗaya aka ga launin ciki da na waje ɗaya ne. Sai a tsame da matsami a zuba cikin ruwan sanyi ko mai ɗumi, a ɗauraye yauƙin, a tsane. Masu sayarwa kan bar shi cikin ruwan ɗumi a kula ko a tukunya, suna tsamowa duk lokacin da mai saye ya zo.

## Yadda ake ci

Ɗan wake shi kaɗai ba shi da wani ɗanɗano mai ƙarfi, mai da yaji ne ke ɗaga shi. An fi amfani da man gyaɗa da aka soya da albasa. Wasu sun fi son man shanu, wasu manja. Yajin kuwa daƙaƙƙen barkono ne da gishiri da dunƙulen ɗanɗano, wani lokaci da garin ƙuli-ƙuli da citta da tafarnuwa. A ƙauye sau da yawa iyakarsa ke nan. A gari ana ƙara dafaffen ƙwai, yankakken tumatir, albasa, kabeji, latas da kokwamba, wasu har da kifin gwangwani ko soyayyen nama. Akwai kuma masu soya shi bayan an tsame, da attaruhu da albasa da ƙwai, wanda sabon salo ne da ya bazu ta shafukan girki na Instagram da YouTube. Da tsinke ake cin na talla, a gida kuma da hannu ko cokali mai yatsu.

Yana da 'yan uwa na kusa a girkin Hausa. Tubani ma da garin wake da kanwa ake yi, amma a ganye ake naɗe shi a turara. Alale da ƙosai daga markaɗaɗɗen jiƙaƙƙen wake ake yin su, ɗaya a dafa, ɗaya a soya.

## Noman wake da ajiyarsa

Najeriya ce ta fi kowace ƙasa noman irin wannan wake a duniya, Nijar na biye da ita, kuma mafi yawansa a busasshen yankin arewa ake noma shi. Arewa maso yammacin jihar Jigawa misali ne. A garuruwa irin su Achilafiya ta ƙaramar hukumar 'Yankwashi, da Kazaure, Roni da Gwiwa, waɗanda duk ke ƙarƙashin masarautar Kazaure, da kuma Ɓaɓura da ke kusa da iyakar Nijar, ba kasafai ake ware wa wake gona shi kaɗai ba. Tsakanin gero ko dawa ake shuka shi bayan damina ta kankama, a girbe shi da kaka bayan an cire gero. Waken yana ƙara wa ƙasa taki, harawarsa kuma abincin dabbobi ce mai tsada da rani. Cikin irin gargajiya da aka sani a yankin Kano da Jigawa akwai kanannado da ɗan ila da aloka. Ga gidan manomi a irin waɗannan wurare, wake da dawa na rumbu ne, kuka na bishiyar gona, kanwa da gishiri kaɗai ake saye. Wannan ya sa ɗan waken wake ya fi daɗewa a karkara fiye da birni. Rarar da aka samu takan bi ta kasuwannin mako zuwa Dawanau, babbar kasuwar hatsi da ke bakin Kano.

Babban abokin gabar wake ƙwari ne. A gona tsutsar maruka na cinye fure da kwanso. A Disambar 2019 aka amince da sakin irin SAMPEA 20-T, wanda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta samar ta hanyar sauya ƙwayar halitta don ya jure wa wannan tsutsa. A rumbu kuma ƙwaro na huda shi cikin 'yan watanni. Wasu 'yan kasuwa na zuba masa maganin ƙwari mai guba, kuma wannan ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015, bayan an sami sinadarin daiklobos a cikinsa fiye da ƙa'ida. Buhun PICS mai leda biyu a ciki, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro aka fara yaɗa shi a Afirka ta Yamma daga 2007, yana kashe ƙwarin ta hanyar hana su iska ba tare da magani ba.

Batun ya fi shafar ɗan wake fiye da wake da shinkafa. Mai dafa wake ƙwaya yana ganin abin da ya saya, yana iya wankewa ya zubar da ruwan farko. Wanda ya sayi gari ba ya ganin irin waken da aka niƙa, kuma hudajjen wake mai arha ya fi sauƙin ɓoyewa a gari.

## Sana'a

Sayar da ɗan wake sana'ar mata ce ta cikin gida. Jarinta kaɗan ne, ba ta buƙatar shago, kuma ana iya sayar da na kuɗi ƙalilan. Matar da ba ta fita kan dafa, masu saye su aiko yara da kwano, ko kuma 'yarta ta ɗauka talla. Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa kusa da Katsina, ta rubuta a 1969 game da wannan ciniki na cikin gidaje da ba a ganin sa a kasuwa, Enid Schildkrout kuma ta yi nazarin tallar yara a birnin Kano a shekarun 1970. Kuɗin da ake samu kan tafi ga adashi, biki da kayan ɗakin 'ya mace. Sai dai lokacin tallar safe shi ne lokacin makaranta, kuma wannan na cikin dalilan da ake kawowa na ƙarancin zuwan 'yan mata aji a karkara.

A 'yan shekarun nan an sami masu niƙa garin ɗan wake su ƙulla a leda ko roba da suna a jiki, suna tallatawa ta WhatsApp da Facebook. Ba kowace leda ce ke faɗin yawan waken da ke ciki ba.

## Amfani ga jiki

Busasshen wake yana da furotin kusan kashi 23 zuwa 25 cikin ɗari. Fulawa da dawa suna da kusan kashi 10 zuwa 12, garin rogo kuma bai wuce kashi 1 zuwa 2 ba. Bayan yawa akwai inganci. Hatsi na da ƙarancin wani ɓangaren furotin mai suna laisin, wanda wake ke da shi da yawa, wake kuma na da ƙarancin metiyonin, wanda hatsi ke da shi. Haɗin wake da dawa a kwano ɗaya yana cike giɓin juna. Saboda haka tsohon haɗin ya fi sabon gina jiki, musamman ga yara a gidajen da ba a cika samun nama ko ƙwai ba. Ɗan waken da rogo ya rinjaya kusan sitaci ne kawai. Na fulawa ya fi shi furotin, kuma tun 2002 doka ta wajabta ƙara wa fulawar Najeriya bitamin A, amma ba shi da harzar da wake ke da ita, wadda ke rage saurin hawan sukari a jini. Mai ciwon sukari da ya ji ana cewa wake ya dace da shi, ya kamata ya tambayi da wane gari aka yi ɗan waken da ke gabansa.

Kanwa ma tana da nata. Jama'a na cewa tana rage kumburin ciki da wake ke sawa. Abin da aka tabbatar shi ne tana ƙara sodiyam a abinci, kan wanda gishiri da dunƙulen ɗanɗano suka riga suka kawo, kuma yawanta yana lalata bitamin B1 a lokacin dahuwa. A shekarun 1970 likitoci a Zariya sun danganta yawan ciwon zuciya da ake gani ga masu jego da shan kunun kanwa da yawa tare da wankan jego. Kanwar ɗan wake ba ta kai ta kunu ba, wani ɓangarenta ma yana tafiya da ruwan dahuwa, amma masu hawan jini da ciwon ƙoda ana ba su shawarar ragewa. Rogo mai ɗaci kuma yana da gubar sayanaid, wadda ke fita idan an fere shi, an jiƙa, an shanya yadda ya kamata.

## Makamantansa a wasu ƙasashe

A rubuce-rubucen Ingilishi ana sa ɗan wake cikin rukunin da suke kira *dumpling*. Kalmar tana da faɗi, ta haɗa abubuwa biyu da Bahaushe ba zai kira su da suna ɗaya ba: ƙullun da ake jefawa a ruwa haka nan, da ƙullun da ake murzawa a naɗe nama ko ganye a ciki. Ɗan wake na rukunin farko ne, tare da *gnocchi* na Italiya, *Spätzle* na Kudancin Jamus da *sujebi* na Koriya. A Japan wanda ya fi kama da shi shi ne *suiton*, ƙullun fulawa da ake gutsurawa da hannu a jefa cikin romo, wanda aka ci sosai a lokacin ƙarancin shinkafa na Yaƙin Duniya na Biyu da bayansa. Japan tana da tata kanwar ma: taliyar *ramen* da ruwan *kansui* ake kwaɓa ta, mai sodiyam kabonet da fotasiyam kabonet, shi ke ba ta launin rawaya da danƙo.

A rukuni na biyu wanda ya fi shahara daga Japan shi ne *gyoza*. Asalinsa *jiaozi* ne na ƙasar Sin, abinci mai tsohon tarihi da har an tono busassun samfuransa na zamanin daular Tang a kaburburan Astana kusa da Turfan. Ya bazu a Japan bayan 1945, lokacin da sojoji da fararen hula suka dawo daga Manchuriya. Biranen Utsunomiya da Hamamatsu da Miyazaki sun yi suna wajen cin sa. A Sin an fi dafa shi a ruwa, a Japan kuma an fi yin na kasko.

Naman alade ne aka saba sa wa gyoza, wasu kuma na ƙara giyar shinkafa a haɗin, don haka Musulmi ke yin na kaza ba tare da giyar ba. Naman cinya ya fi dacewa, saboda na ƙirji yana bushewa. Ana kwaɓa fulawa da ruwan zafi da ɗan gishiri, a bari ta huta kamar rabin awa, a murza ta siriri, a yanka da bakin kofi. Ana yanka kabeji ƙanana, a barbaɗa gishiri, a matse ruwansa, domin idan ba a matse ba ƙullun zai jiƙe ya yage. Sai a haɗa shi da niƙaƙƙen naman, ganyen albasa, citta, tafarnuwa, man riɗi da baƙin ruwan waken suya mai gishiri da ake kira *shoyu*. A sa ƙaramin cokali ɗaya a tsakiyar kowane faifai, a shafa ruwa a baki, a ninke kamar jinjirin wata, a tattara gefe ɗaya a manne. Dahuwar mataki uku ce a kasko ɗaya: a jera su a mai kaɗan har gindinsu ya yi ja, a zuba ruwa kamar sulusin kofi a rufe na kimanin minti 5 tururi ya dafa sama da ciki, sannan a buɗe ruwan ya ƙone gindin ya sake yin ƙaras. Ana tsoma shi a haɗin shoyu da binega da man barkono.

Ban da shoyu, wanda ake samu a manyan kantunan Kano, sauran kayan duk akwai su a kasuwannin Arewa. Riɗin ma na gida ne, tunda Jigawa na cikin jihohin da suka fi noma shi, Japan kuma na cikin ƙasashen da ke sayen riɗin Najeriya. A ƙasar Hausa abin da ya fi kusa da gyoza a siffa shi ne samosa, wadda ake yawan yi da azumi da lokacin biki, sai dai ita a mai mai yawa ake soya ta, kuma ana dafa naman tun kafin a naɗe.